Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu? Tarihin Fentin Mota a Alajo

Duk wanda ya taɓa sauka a Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, abin da zai fara lura da shi a kan titi shi ne tasi. Jikin motar yana iya zama ja ko shuɗi ko fari, amma kusurwoyinta huɗu, wato kafaɗun da ke saman tayoyi, dole su zama ruwan ɗorawa. Da wannan ake gane motar haya a Gana, kamar yadda ake gane A Daidaita Sahu a Kano. Saboda haka direban tasi a nan ba shi da zaɓi, sai ya je wurin mai fenti tun kafin ya ɗauki fasinjan farko. Ni ɗan direba ne, ni ma na yi tuƙi, kuma a Alajo aka haife ni, maƙwabtan Kotobabi, tafiyar ƙafa kaɗan daga Mamobi da Nima. Ina so in ba mai karatu labarin yadda talakan wannan yanki ya saba yi wa motarsa fenti da ɗan abin da ke aljihunsa, tun daga zamanin kakanninmu har zuwa abin da ya faru da ni.

Zango asalinsa masaukin ayari ne, inda fatake ke sauke wa jakuna kaya. Kakanninmu goro ya kawo su wannan ƙasa, wasu kuma aikin soja. A Ankara, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta samo asali ne daga masaukin Malam Amadu Futa a shekarun 1930, ta cika ta batse bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A daidai wannan lokaci ne mota ta karɓe aikin jaki. Motar farko ta shigo ƙasar a 1902, ta gwamnan mulkin mallaka ce, da tururi take tafiya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai lorori suka bazu suna jigilar koko da goro, jikokin fatake kuma suka zama direbobi da yaran mota da kamasho.

A can inda ake ƙera motocin, fenti ya daɗe yana ba su wahala. Da burushi ake shafa shi, shafi bisa shafi, mota ta yi makonni tana jiran bushewa. Kamfanin Ford na Amurka ya zaɓi sauƙi: daga 1914 zuwa 1925, motarsa Model T baƙa kawai ake yin ta. A 1924 ne motoci suka fara fitowa da wani fenti na kamfanin DuPont mai suna Duco, wanda ake fesawa da bindigar feshi ya bushe cikin sa'o'i. Daga nan launuka suka yawaita.

Mu a nan burushi ya daɗe bai bar mu ba. Lorin da ya yi tashe a zamanin kakana shi ne Bedford. Kai da inji da ƙashin mota ake shigo da su, kafinta ya gina jikin da katako, ya jera bencina. Daga nan sai mai rubutun allo ya zo da gwangwanayensa, ya shafa launi, ya zana furanni, ya rubuta abin da mai motar yake so duniya ta sani. Wani ya sa a rubuta masa cewa teku ba ya ƙafewa, namu na zango kuma su sa "Haƙuri Maganin Duniya" ko "Allah Ya Kiyaye". Fasinja ba ya riƙe lambar mota, sunan da ke goshinta yake riƙewa. Irin waɗannan motoci ne suka fara jigilar cikin gari a kan wata tsabar kuɗi da ake kira "tro" da harshen Ga, kuɗin da ya kai kwabo uku, shi ya sa har gobe motar haya ta gama-gari sunanta torotoro. Fentin wancan zamani ba shi da tsada, kuma aikinsa biyu ne: ya hana katako ruɓewa, ya kuma ba motar suna.

Da motocin ƙarfe zalla suka karɓi hanya, irin su Peugeot 404 da 504 da Datsun, sai sana'ar ta rabu gida-gida. Ga fita mai gyaran inji, ga mai walda da miƙe ƙarfe, ga mai lantarki, ga mai kujeru, sannan ga sifireya, wato mai feshin fenti, wanda shi ne na ƙarshe da mota ke biyawa ta hannunsa. Suka taru a unguwannin gyara: Suame Magazine a Kumasi, Kokompe da Odona a Ankara, kayan gyara kuma a Abossey Okai. Yaro yakan shiga hannun masta ya yi shekara uku ko huɗu, shekarar farko ba abin da zai taɓa sai sanfefa da bokitin ruwa, kafin a ba shi bindiga ya riƙe.

Ankara kuwa gari ne mai cin ƙarfe. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, ga damina sau biyu a shekara. Motar da za ta yi shekara goma a Katsina ko Maraɗi rana kawai ta ƙone mata launi, a nan kafin shekara biyar ƙasan ƙofofinta ya fara hujewa. Alajo kuma tana bakin kogin Odo ne, wanda ke kwashe ruwan rabin gari ya kai tafkin Korle, ya kuma saba hawowa har cikin ɗakunanmu.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983. Kaya suka ɓace daga kantuna, sai a bayan fage, abin da ake kira kalabule. A 1983 aka haɗa da fari da gobarar daji, ga kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya. Baba, Allah ya jiƙansa, yana tuƙa Datsun a lokacin. Ya sha ba mu labari cewa fentin mota ya gagara, sai ya sayi fentin mai irin na ƙofar gida, ya sirka da kananzir, ya zuba a famfon filit na kashe sauro, shi da ƙaninsa suka yi ta bugawa har hannuwansu suka kumbura. Ya ce motar ta fito kamar fatar lemo, kuma kwana uku duk fasinjan da ya jingina da ita sai ya tafi da shaida a rigarsa. Muna dariya, shi ma yana dariya, amma da wannan mota aka biya mana kuɗin makaranta.

Bayan gwamnatin Rawlings ta buɗe kasuwa daga 1983, sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, daga Jamus da Holan da Beljiyam. Opel ta zama tasin Ankara. Aikin sifireya ya bunƙasa, domin kowace mota sai an yi mata kafaɗu ruwan ɗorawa, da yawa kuma da rauni suke zuwa. Fenti ma ya canja. Aka samu mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa sinadarin da ke ƙarfafa shi, da kuma na masu hali, wanda ake ɗora masa ruwan ƙyalli a sama a gasa motar a ɗaki na musamman. Tun daga nan fenti ya zama hawa-hawa, kowa da matakin da aljihunsa ya kai.

Ni tawa Opel Astra ce. Na same ta ta tsarin da direbobi suka sani, inda mai mota zai ba ka ita kana biya duk mako har ta zama taka. Na gama biya a farkon 2015. Ranar 3 ga Yuni na wannan shekara aka yi ruwan da babu ɗan Ankara da zai manta. Mutanen da suka fake a wani gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah wuta ta tashi da su, mutum sama da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wanda ya rasa mota kawai a wannan dare ba shi da bakin kuka. Tawa na same ta da safe ruwa ya kai mata gilashi, taɓo har cikin akwatin gaba.

Fita da mai lantarki suka cinye ɗan abin da na tara. Motar ta tashi, amma bayan wata uku sai tsatsa ta fara tsirowa ta ƙarƙashin fenti kamar ƙuraje. Fasinja, musamman mata masu zuwa biki, sai su dube ta su ɗaga wa ta bayana hannu. Ga lokacin sabunta takardar lafiyar mota a hukumar DVLA ya matso.

Wani dillali ya same ni a tasha ya ce, "Ɗan'uwa, me za ka wahalar da kanka? Akwai yaron da zai cike ramukan nan da foti, ya fesa mata ƙyalli cikin kwana biyu. Mu kai ta can arewa inda ba su san ta sha ruwa ba, ka karɓi kuɗinka ka sa a wata." Ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya tsayar da ni shi ne karatun da muka yi tun muna yara, na mai sayar da hatsin da ruwan sama ya jiƙa, ya tura jiƙaƙƙen ƙasa ya bar busasshen a sama, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu ya gano, ya kuma hore shi. Nawa ma ruwan sama ne. Wanda zai saya kuma direba ne irina, wataƙila da bashi.

Sai na tafi wurin wani tsohon sifireya da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano kusa da layin dogo, wanda ya san Baba. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa yana saurare. Ya faɗi kuɗi da tsohon lissafi, domin duk da an canja kuɗi tun 2007, tsofaffinmu sidi ɗari miliyan ɗaya suke ce masa. Abin da ke hannuna bai kai rabi ba. Na ce, "Masta, ka taimaka, ko sama-sama ne a yi." Ya ce, "Ɗana, sama-sama ba na yi. Amma zauna in nuna maka inda kuɗin fenti yake tafiya, sai mu ga wanda za ka iya biya da hannunka."

Abin da ya koya mini shi ne mafi yawan kuɗin fenti ladan gurza ne, feshin kansa aikin awa kaɗan ne. Don haka ni da ƙannena biyu muka ɗauki sanfefa, muka yi kwana shida muna gurzar motar, duk inda tsatsa take sai mun ga farin ƙarfe. Inda ya huje, ya hana a cusa foti, ya ce foti a kan tsatsa kamar ɗaure miki ne da tsumma mai datti. Mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe, a nan ne kuɗina mafi yawa suka tafi. Ya ce kada in canja launi, domin sabon launi yana nufin a fesa har cikin ƙofofi da ƙarƙashin bonet, a kuma je a gyara takardu. Ya sa na sayo kayan da kaina: fentin share fage mai hana tsatsa, da tina, da fenti mai shafi ɗaya wanda ba ya bukatar ruwan ƙyalli. Gilasai muka rufe da tsofaffin jaridu. A kan abu ɗaya ya ƙi ragi, wato fentin share fagen. Ya ce wanda ba a gani shi ke riƙe wanda ake gani.

Sannan ya sa muka jira. A cikin damina laima tana sa fenti ya yi hazo, a tsakiyar hunturu kuma ƙura tana manne masa. Sai a watan Nuwamba, bayan sallar asuba, muka yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, ya tayar da kwamfuresa. Kafin hantsi ya gama, kafaɗu huɗu kuma washegari. Ladansa na biya shi kashi uku.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne motata ba ta yi ƙyallin wadda aka gasa ba. Idan ka matso za ka ga inda wani ƙwaro ya faɗa ya bar sawunsa a kan but. Amma ta wuce gwaji, fasinja suka dawo, kuma na ƙara shekara huɗu da ita tsatsa ba ta sake ɓullowa ba. Da na tashi sayarwa na gaya wa mai saye ta taɓa nutsewa, ya rage kuɗi, muka rabu lafiya. Kwalliya dai ta biya kuɗin sabulu.

Akwai wani kuɗin da ban biya ba, wanda sai daga baya na gane shi. A ranar feshin, Masta hankici kawai ya ɗaura a hanci. Da ya gama ya aiki yaro ya sayo masa madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Haka sifireyoyi da yawa suka yi imani, alhali madara ciki take tafiya, tururin kuma huhu. Sinadarin da ke ƙarfafa fentin zamani yana jawo asma, tina kuma tana taɓa kai da jijiyoyi, hankici ba ya tare ko ɗaya. Shekara arba'in yana shaƙar wannan domin irina su samu sauƙi. Lokacin da na koma gaishe shi bayan wasu shekaru, ya daina aiki, yana zaune a kan benci, ba ya iya gama jimla sai ya tsaya ya ja numfashi. Yaransa ne ke feshi, su ma da hankici.

Daga burushin mai rubutun allo zuwa famfon filit na Baba zuwa rumfar Masta, talakan zango bai taɓa rasa dabarar rufa wa motarsa asiri ba. Sai dai duk fentin da ya zo da araha, akwai wanda ya cike gibin: ko mai motar da guminsa, ko mai saye da aka ɓoye wa tsatsa, ko mai feshi da huhunsa. Na farkon ne kaɗai na ga ya halatta. Shawarata ga ɗan'uwa direba, a Alajo kake ko a Sabon Gari, idan ka je neman ragi ka nemi a rage ƙyalli, ka ɗauki sanfefa da kanka, kuma cikin kayan da za ka sayo ka haɗa da takunkumi mai matatar iska ka miƙa wa yaron da zai riƙe bindiga. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba.

Allah ya ba Masta lafiya, ya jiƙan iyayenmu, ya tsare mu a kan hanya.