Albashi, Yajin Aiki Da Jam'iyya: Inda Aka Fito

 Yau hirarmu a kan ƙungiyoyin ƙwadago ce, da yadda suka yi ta kai-kawo da 'yan siyasa. Kada ki ce ina ruwanki tunda ba ofis kike zuwa ba. Ranar da malamai suka shiga yajin aiki, ke yara ke wuni a kanki. Ranar da ma'aikatan asibiti suka ajiye aiki, mai naƙuda ce ke fara ɗanɗanawa. In kuwa albashi ya makara, mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli su ke bin bashi, adashi kuma ya tsaya.

A farkon mulkin Turawa, abin da aka yanka wa ma'aikaci shi yake karɓa. Sai a 1938 aka yi dokar da ta amince wa ƙungiyoyin ma'aikata su yi rajista, su yi ciniki a kan albashi da murya ɗaya. Da yaƙin duniya na biyu ya jawo tsadar kaya, ma'aikatan gwamnati suka nemi ƙari, aka hana su. A watan Yuni na 1945 suka ajiye aiki, 'yan reluwe na kan gaba, jagoransu Michael Imoudu. Sama da kwana 40 jiragen ƙasa na tsaye, har da na Zariya da Kano. Daga bisani Turawa suka kafa kwamiti, aka yi ƙarin.

A nan Arewa, malaman makaranta na cikin waɗanda suka fara haɗa kai. Malam Aminu Kano na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Bayan shekara biyu ya ajiye koyarwa ya shiga jam'iyyar NEPU, saboda ba a barin mai cin albashin hukuma ya yi adawa da ita a fili. Kin ga tun daga tushe ƙwadago da siyasa maƙwabta ne.

Iyayenmu ba su manta da Udoji ba, wato ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a 1974. An biya har da ariyas, aka sayi kekuna da rediyo da babura, kafin a ankara farashin kaya ya yi sama. A 1978 kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta haɗe ƙungiyoyin ma'aikata suka koma 42, ƙarƙashin uwa ɗaya, wato NLC.

To yanzu ki gyara zama, don abin da ke tafe a gidanmu ya faru. Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Kafur da Malumfashi da Funtua duk a Jihar Kaduna suke. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci kujerar gwamna a Kaduna da Kano. Alhaji Balarabe Musa da Alhaji Abubakar Rimi suka soke haraji da jangali, abin da manomi da makiyayi suka daɗe suna kuka da shi. A 1980 Rimi ya ba da hutun ranar ma'aikata, ɗaya ga watan Mayu, tun kafin gwamnatin tarayya ta NPN ta yi hakan a 1981. A watan Mayun shekarar ne kuma NLC, ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta kira yajin aikin gama-gari, wanda ya kai ga dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 125.

Sai dai a Kaduna gwamna ɗan PRP ne, majalisa kuwa 'yan NPN ke da rinjaye. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, suka tsige shi a ranar 23 ga Yuni, 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Jam'iyyar da ke kiran kanta ta talakawa da ma'aikata ba ta cika shekara biyu da gwamnan da ta tsayar ba. Albashin Naira 125 kuwa ya ci gaba da aiki har bayan sojoji sun kifar da farar hula a ƙarshen 1983, domin shi doka ce da aka yi ciniki aka rubuta.

Su ma sojoji kallon 'yan adawa suka yi wa ƙungiyar. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988, lokacin Ali Ciroma, bayan ta yi ta sukar shirinsa na tsuke bakin aljihu. Ma'aikata suka kafa jam'iyyarsu a 1989, aka hana ta rajista. Abacha ya sake rushe shugabancin a 1994, sanadiyyar yajin aikin da aka yi kan soke zaɓen 12 ga Yuni.

Da mulkin farar hula ya dawo, sai tambayar ta sake tasowa: shin ma'aikacin gwamnati zai iya riƙe katin jam'iyya? A shari'ar da Balarabe Musa da wasu suka yi da hukumar zaɓe, wadda aka kammala a 2003, Kotun Ƙoli ta ce yana da wannan 'yanci, duk da dokokin aikin gwamnati sun ci gaba da nuna ƙyamar hakan. Mai son tsayawa takara dai dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. A 2005, bayan yaje-yajen aikin da Adams Oshiomhole ya jagoranta kan kuɗin fetur, aka gyara doka aka taƙaita yajin aiki a ɓangarori irin su lafiya da ilimi.

Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 18,000 a 2011, ya kai 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, kuma kowanne sai da aka kai ruwa rana, musamman wajen sa gwamnoni su biya. Gwamnonin nan kuwa daga jam'iyyu daban-daban suka fito.

Saboda haka 'yar'uwa, in maigida ko ɗanki malami ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ki tuna masa ya riƙa zuwa taron ƙungiya, ya san abin da shugabanninsa suka sa wa hannu da sunansa, ya kuma lura in sun fara neman kujera a wurin wanda ya kamata su yi ciniki da shi. Ke kuma, in 'yan kamfe mata suka shigo miki har tsakar gida da atamfa da sabulu, ki karɓe su da mutunci, sannan ki tambaye su: ɗan takararku, yaushe yake biyan malamai, kuma nawa 'yan fansho ke bin sa?

Allah Ya ba mu shugabanni masu cika alkawari.