Daga Yaba da Aro Zuwa Ɗakin Ganawa: Tarihin Maganin Ciwon Firgici

Akwai sunaye biyu da duk wanda ya daɗe a Kudu ya san nauyinsu a baki, wato Yaba da Aro. In gardama ta yi zafi a kasuwa, sai ka ji an ce wa mutum, "Kai sai an kai ka Aro," kamar dai yadda mutanen Kano ke ambaton Dawanau. Wannan zolaya ta sa da yawanmu suna ganin duk wanda ya je neman taimako a kan damuwar zuciya, to, ya shiga sahun mahaukata ke nan. Saboda haka muka ga ya dace mu bi tarihin abin tun daga tushe, domin a ga inda tsoron nan ya samo asali, a kuma ga yadda aka zo zamanin da mutum zai zauna a ɗaki shi da masanin halayyar ɗan Adam su biyu, a yi masa maganin firgici da magana, ya tashi ya koma rumfarsa.

Ciwon da muke magana a kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutum ya tsira daga haɗarin mota, ko 'yan fashi, ko gobara, ko tarzoma, jikinsa ya warke sarai, amma abin ya ƙi barinsa. Yana ta maimaita mafarkinsa, yana kauce wa hanyar da abin ya faru, ƙarar salansar babur kaɗai ta isa ta sa shi zabura, ga saurin fushi da iyali ba gaira ba dalili. Yawancin mutane sukan farfaɗo da kansu cikin 'yan makonni. Amma in abin ya wuce wata guda yana hana mutum barci da sana'a, likitoci na lissafa shi a matsayin ciwo mai buƙatar magani.

Tun a ƙarni na goma, wani malami mai suna Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya yi bayanin tsoro da firgita da baƙin ciki da waswasi, ya nuna cewa cututtuka ne kamar zazzaɓi, kuma ana maganinsu ta hanyoyi biyu: mutum ya horar da tunaninsa, sannan ya nemi mai hikima ya riƙa yi masa magana. Kun ga ke nan warkar da zuciya da zance ba abu ne da ya faro jiya ba.

A ƙasashen Turai kuwa, yaƙi ne ya tilasta wa likitoci kula da wannan ciwo. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, dubban sojoji sun dawo daga ramukan fama suna karkarwa, wasu sun daina magana, alhali ba ko ƙwarzane a jikinsu. A shekarar 1915 wani likitan Ingila, Charles Myers, ya yi rubutu a kan abin, ya danganta shi da girgizar harsashin igwa. Manyan hafsoshi da yawa sun ce ragwanta ce kawai. Rundunar Ingila ta harbe sojojinta 306 bisa laifin gudu da tsoro da makamantansu, kuma sai a shekarar 2006 gwamnati ta yi musu afuwa, bayan an yarda cewa akwai marasa lafiya a cikinsu. Amma tun a 1917 wani likita, William Rivers, yana zama da irin waɗannan sojoji ɗaya bayan ɗaya a wani asibiti a birnin Edinbara, yana sa su faɗi abin da suka gani maimakon su danne shi.

To, a nan gida fa? A shekarar 1907 gwamnatin Turawa ta mayar da wani tsohon ginin ma'aikatar jirgin ƙasa da ke Yaba, a Ikko, gidan tsare masu taɓin hankali. A 1916, shekarar da aka kafa wannan unguwa tamu ta Sabo a Ibadan, aka yi dokar mahaukata, wadda aka sabunta a 1958. Abin da dokar ta fi damuwa da shi shi ne yadda za a kama mutum a kulle shi: likita ya ba da takarda, majistare ya sa hannu, shi ke nan. A garuruwa da dama ma cikin kurkuku ake ajiye su tare da fursunoni. Magani kaɗan ne, kuma wanda ya shiga da wuya a ga fitowarsa. Ashe tsoron da kakanninmu suka yi wa Yaba yana da dalili. Matsalar ita ce mun gaji tsoron, ba mu bi labarin abin da ya biyo baya ba.

Abin da ya biyo baya ya shafe mu kai tsaye. A Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa sun kwashi sojojin Afirka ta Yamma zuwa Bama, a runduna ta 81 da ta 82, kuma 'yan Arewa suna da yawa ƙwarai a cikinsu. Wasu an dawo da su hankalinsu a tashe. A shekarar 1944 aka karɓi wani tsohon kurkuku da ke Lantoro, a Abeokuta, aka mayar da shi wurin jinyar irin waɗannan sojoji. Daga nan ne asibitin Aro ya samo tushe. Wato asibitin da muke zolayar juna da sunansa, don jinyar mazan da suka ga wutar yaƙi aka fara shi, ba don ragwaye ba.

Sai kuma Dokta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923, wanda ya yi karatun likita a Bamingaham, ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Da ya dawo a 1954, sai ya ɓullo da wani tsari da duniya ta zo koyo. Maimakon a kulle maras lafiya, sai a sama masa masauki a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, tare da wani ɗan'uwansa mai jinya. Da rana ya je asibiti a duba shi, da yamma ya koma cikin jama'a, ya ci abincin gida, ya yi hira a ƙofar gida. Har masu maganin gargajiya Lambo ya jawo cikin aikin, domin ya san da su mutane suka saba. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya kuma zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya rasu a 2004.

Mu da muka tashi a zango ai mun fi kowa gane hikimar Lambo. Shi baƙon fatake in ya sauka da shanu ko ya zo sayen goro, maigida ne ke ba shi ɗaki, ya ci da shi, ya tsaya masa in ya shiga matsala. Abin da Lambo ya gano ke nan: mutumin da hankalinsa ya tashi baƙo ne a cikin rayuwarsa, yana buƙatar masauki da wanda zai tsaya masa.

Shi kuwa masanin halayyar ɗan Adam mai aikin asibiti, hanyarsa daban ce da ta likitan ƙwaƙwalwa. A 1896 Lightner Witmer ya buɗe ɗakin ganawa na farko irin wannan a Jami'ar Fensilbeniya da ke Amurka. Sana'ar ta bunƙasa bayan 1945, lokacin da tsofaffin sojoji masu damuwa suka fi ƙarfin likitocin da ake da su. A shekarun 1960 Aaron Beck ya tsara hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda har yau ita ce ginshiƙin aikin. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta buɗe sashen wannan ilimi na farko a 1964. A 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin Amurka suka shigar da ciwon firgici cikin littafinsu na cututtuka da sunan da ake taƙaitawa PTSD, aka kuma yarda cewa yana kama farar hula kamar yadda yake kama soja. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi maganinsa da irin wannan ganawa, ta kuma yi gargaɗi a kan ba wanda bai daɗe da firgita ba ƙwayoyin barci irin su Valium. Wannan gargaɗi ya kamata ya kai kunnen direbobinmu da 'yan acaɓa masu saye a kemis ba tare da takardar likita ba.

Jama'a, ba sai an tuna mana abin da muka gani a zamanmu na Kudu ba. Shagamu a watan Yuli 1999. Ketu da kasuwar Mil 12 a Nuwamba na wannan shekara. Fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ran 27 ga Janairu 2002, inda fiye da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a cikin ruwan Oke-Afa wajen gudu. Idi Araba a Fabrairu 2002. Sabon Ile-Ife a Maris 2017. Kasuwar Shasha a nan Ibadan a Fabrairu 2021. Waɗannan fitinu sun taɓa mu, sun taɓa maƙwabtanmu Yarbawa. Duk lokacin da ƙura ta lafa, mukan zauna a fadar Sarkin Hausawa mu ƙidaya waɗanda aka rasa, da rumfunan da suka ƙone, da buhunan da suka salwanta, a raba tallafi. Amma ba a taɓa rubuta sunan wanda ya daina barci ba, ko matar da ba ta ƙara taka kasuwa ba, ko yaron da ya koma fitsarin kwance. Mun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muka haɗiye. Wasu sun tattara sun koma Arewa, ciwon ya bi su can.

To, me ake yi a ɗakin ganawar? Ba allura, ba ƙwaya, ba kwanciya. Masanin halayya ba ya rubuta magani. In ya ga ana buƙatar hakan, sai ya tura mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akan zauna kimanin awa guda, sau ɗaya a mako, kuma ga ciwon firgici galibi zama 8 zuwa 12 ake tsarawa, ko da yake wanda ya ga masifu da dama kan buƙaci ƙari. Da farko zai saurari labarin mutum, ya koya masa yadda zai kwantar da numfashi da bugun zuciya. Sannan a hankali su bi abin da ya faru daki-daki, har tunawa da shi ya daina kada mutum. Za su duba tunanin da ya maƙale, irin su "laifina ne da na gudu na bar shi", su auna shi da gaskiyar abin da ya auku. Daga nan sai a fara komawa wuraren da ake gudu, taki ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka faɗa a ɗakin amana ne, ba ya fita, sai fa in rai na cikin haɗari. Wannan sirri kuwa babban abu ne gare mu, domin a zango kowa ya san kowa, kuma magana ɗaya na iya ɓata neman auren 'yar mutum.

Ba masu firgici kaɗai ke amfana ba. Mai ciwon suga, da mai hawan jini, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da mai wankin ƙoda, da iyayen yaro mai sikila, duk suna ɗauke da nauyin da ƙwaya ba ta sauke shi. An tabbatar cewa baƙin ciki mai tsanani ya fi kama masu ciwon suga kusan ninki biyu a kan sauran mutane, kuma wanda ya fid da rai shi ne kan daina shan magani da kiyaye abinci. Masanin halayya yana taimaka wa irin wannan ya karɓi halin da yake ciki, ya iya zama da raɗaɗi, ya ci gaba da bin umarnin likitansa. Addu'a da haƙuri suna nan a matsayinsu, neman magani bai taɓa kore su ba.

A farkon 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda ta maye gurbin waccan ta 1958. Ta hana wulaƙanta maras lafiya da ɗaure shi da mari, ta kare sirrinsa, ta kuma hana nuna masa bambanci wajen aiki. Ana samun masanan halayya a Aro da Yaba da manyan asibitocin koyarwa irin su UCH da ke nan kusa da mu, akwai kuma masu zaman kansu da ake biya kowane zama.

Abubuwa biyu suka rage a gabanmu: kuɗi da harshe. Ganawa a wurin mai zaman kansa tana da tsada ga ɗan tireda ko mai gadi, saboda haka muna kira ga ƙungiya da asusun taimakon da ake tarawa don jinya da jana'iza ya haɗa da wannan ciwo, a kuma riƙa biya cikin rufin asiri. Batun harshe ya fi wannan girma, tunda maganin nan da magana ake yin sa. Tsohuwar da Hausa kaɗai take ji ba za ta buɗe cikinta ta bakin tafintan da zai gan ta gobe a layi ba. Masu wannan sana'a da ke jin Hausa kaɗan ne a Kudu. 'Ya'yanmu maza da mata da suka tashi da Hausa da Yarbanci da Turanci a baki ɗaya, ai su suka fi cancanta da ita. Iyaye, in yaro ya ce zai karanci ilimin halayyar ɗan Adam, kada a ce masa karatun banza ne. Kuma wanda ya san yana kwana ido biyu tun wata fitina da ta wuce, ya daure ya je a duba shi, ɗan'uwansa ya raka shi kamar yadda ake yi a zamanin Lambo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.