Tarihin Tartsatsin Hunturu, Daga Kahraman Zuwa Lantarki

Duk wanda ya taɓa tuɓe rigar leda a cikin duhun daren hunturu ya ga tartsatsi na tashi, ko kuwa ya kai hannu ga ƙofar mota ya ji wani abu ya tsunkule shi, to, ya gamu da al'amarin da ya ɗaure wa hukama'u kai fiye da shekara dubu biyu.

An ruwaito cewa Talis, masanin falsafar Yunanawa, mutumin Miletus a gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau, ya lura wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, cewa idan aka goga kahraman, wato ƙaron itacen nan da ya daskare tun zamanin da, wanda har yau ake yin carbi da shi, sai ya riƙa jawo ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Yunanawa suna kiransa elektron, Farisawa kuwa kahruba, ma'ana mai fizgar ƙaiƙayi. Daga na farko muka sami lantarki ta hanyar Turawa, daga na biyu Larabawa suka sami kahraba'u.

Haka mas'alar ta zauna, ana mamaki ba a bincike, har shekarar 1600, lokacin da William Gilbert, likita a Ingila, ya tabbatar da cewa gilashi da farar wuta ma suna da wannan ɗabi'a. A 1729 Stephen Gray ya bayyana cewa ƙarfe na ba wannan ƙarfi hanya ya wuce, alhali siliki na tsare shi. Sa'an nan a 1752 Benjamin Franklin na Amurka ya kafa hujja cewa walƙiyar damina da ɗan tartsatsin riga jinsinsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta su.

Sababin tartsatsin kuwa shi ne, idan abu biyu suka gogi juna, waɗansu ƙwayoyi masu ƙanƙanta ainun sukan ƙaura daga ɗaya zuwa ɗaya, su taru a jikin mutum. Da damina laimar iska takan zare su sannu a hankali, amma da hunturu, da yake iska ta bushe ƙayau, takalmin roba kuma ya raba ƙafa da ƙasa, ba su da mafita sai sa'ad da yatsa ya kusanci ƙarfe, su yi tsalle gaba ɗaya.

Wanda ya fahimci illa, magani ba ya yi masa wuya. A fifita tufar auduga a kan ta leda, a shafa man kaɗanya, a shanya jiƙaƙƙen zane a ɗaki, a fara taɓa ƙarfe da makulli kafin yatsa; a gidan mai kuwa, inda tartsatsi kan iya zama gobara, wajibi ne mutum ya dafa jikin mota kafin ya kusanci bakin tanki. Ashe abin da ya gagari Talis, yau yaro ma yana iya kiyaye shi, albarkacin ilmi.