Legas zuwa Kano a jirgin sama: nisan tafiya da awannin da take ci

Tsakanin filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja da na Malam Aminu Kano akwai tazarar kusan kilomita 830 idan aka miƙe ta sama. A mota kuwa, ta Ibadan, Ilorin, Jebba, Kaduna da Zariya, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Wanda ya bi ta Lokoja da Abuja, nisan ya fi haka.

Jirgin fasinja irin Boeing 737 yana gudun kusan kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama. Sai dai a tikiti za ka ga an rubuta awa ɗaya da rabi ko sama da haka kaɗan, domin lissafin ya haɗa da gangarawar jirgi zuwa titin tashi, hawa sama, saukowa da kuma fakin. Zaman sama zalla bai cika wuce awa ɗaya da kwata ba.

Idan jirgin zai biya ta Abuja

Legas zuwa Abuja kusan kilomita 510 ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Abuja zuwa Kano kuma kusan kilomita 360, abin da bai wuce awa ɗaya ba. Jiran da ake yi a tsakani shi ne ke cin lokaci, har tafiyar ta kai awa huɗu ko fiye. Don haka kafin ka biya kuɗi, tambayi ejan ko jirgin kai tsaye ne.

Lissafi daga ƙofar gida

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, musamman idan rasuwa aka yi a gida, tunda jana'iza ba ta jira. Mazaunin Agege yana kusa da Ikeja, amma mai tasowa daga Alaba Rago, Mile 12 ko Obalende sai ya ware awa ɗaya zuwa biyu saboda gosulo. Ana so fasinja ya isa filin jirgi aƙalla awa ɗaya da rabi kafin tashi, don awon kaya da bincike. Ƙara lokacin jirgin, da jiran kaya, da shiga gari, za ka ga awa biyar zuwa shida ta tafi. Mutanen Sabo a Ibadan kuma su ƙara tafiyar kusan kilomita 130 zuwa Legas. Ke nan wanda ke son a yi da shi bayan La'asar, jirgin safe ne nasa.

A kula kuma: agogon Legas da na Kano ɗaya ne, amma Kano ta fi gabas, shi ya sa Azahar ke shiga can kusan minti 20 kafin Legas.

Abin da ke kawo jinkiri

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rage gani a Kano, sai a ɗage tashi ko a soke shi gaba ɗaya. Da damina kuma hadari da ruwan Legas kan tsare jirgi a ƙasa. Jiragen yamma sun fi makara, domin jirgi ɗaya kan yi sawu da yawa a rana, jinkirin safe sai ya bi shi har dare.

A ƙa'idar hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama, idan jinkirin jirgin cikin gida ya kai awa uku, fasinja na da damar neman a mayar masa da kuɗinsa. Saboda haka ka adana tikitinka da saƙon da kamfani ya turo maka, kuma ka tafi da katin shaida mai hoto wanda sunan da ke kansa ya dace da na tikiti.

Allah Ya kai mu lafiya.