Tij: Bikin Matan Hindu na Lokacin Damina

Da yawanmu mun sha gani a finafinan Indiya: mata sanye da koren kaya, hannu ya sha lalle, suna lilo da igiyar da aka ɗaure a reshen bishiya. To, wannan biki sunansa Tij. Ma'anar kalmar ita ce "ta uku", saboda ana yin sa ne a rana ta uku bayan tsayuwar wata ko bayan cikarsa, tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwa ke sauka bayan doguwar bazara.

Asalinsa labarin addininsu ne. Suna cewa Farbati ta daɗe tana azumi da ƙuntata wa kanta don ta auri Shiba. Mahaifinta ya so ba da ita ga Bishnu, sai ƙawarta ta ɓoye ta a daji. Daga nan aka samo sunan Hartalika Tij, wato ƙawa ta sace ta. Mu dai tarihi muke bayarwa, aƙidarsu tasu ce. Matan aure kan yi azumi yini da dare, wasu ko ruwa ba sa sha, suna roƙa wa miji tsawon rai. 'Yan mata kuma su roƙi miji nagari.

A Jaifur, birnin da Sarki Sawai Jai Singh na biyu ya kafa a 1727, ana fito da gunkin Tij Mata daga fada, a zaga gari da giwaye da raƙuma.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu yana Nefal. Can mata ja suke sawa, su cika haikalin Fashufatinat da ke Katmandu. Yarinya an kai ta aure ƙauye mai nisa, sai da Tij ake zuwa ɗaukarta ta ga gida. Daren jajibiri a ci a ƙoshi, abincin da suke kira dar, sannan a kama waƙa. Ai a nan ake jin magana! Uwar miji mai tsanani, miji mashayi, uban da ya aurar da 'ya tana ƙarama, duk a waƙa ake faɗa, a fili, ba mai hanawa. Da tafiya ta yi nisa, waƙoƙin suka shiga batun karatun mata da rabon gado da siyasa. Yanzu har wasu matan nasu na tambaya: don me mace kaɗai ke azumin, miji yana zaune yana cin abincinsa?