Bayani a kan Adadin Shaɗaranji, Asalinsa da Hukuncinsa

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, adadin da masu hisabi ke ce wa adadin shaɗaranji shi ne 18,446,744,073,709,551,615. Alƙali Ibnu Khallikan, wanda ya rasu shekara ta 1282, ya kawo labarinsa cikin Wafayatul A'ayan. Ya ce Sissa ɗan Dahir, mutumin ƙasar Hindu, shi ya ƙago wasan, ya kai wa sarki Shihram. Sarki ya ce masa, roƙi abin da kake so. Ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gida na fari, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon. Masu hisabinsa suka ce alkamar duniya duka ba ta isa. Alƙalin da kansa ya yi shakka, sai da wani mai hisabi na Iskandariya ya zana masa a takarda.

Ni ma ina yaro na ɗauki allo ina ninkawa gida gida, na ɓata sau uku, tawada ta ƙare. Da na girma na ga Biruni ya yanke wahalar nan tun wajen shekara ta 1000. Gida na 5 yana da 16. Buga shi cikin kansa, ka sami 256, shi ne gida na 9. Buga kuma, 65,536, gida na 17. Buga kuma, 4,294,967,296, gida na 33. Buga na ƙarshe, ka ɗebe ɗaya, ka sami jimla. Bugu huɗu ke nan maimakon ninki 63.

Amma hukuncinsa, mara ne, ba cika ba. Naƙisi ne, domin in ka tara masu raba shi, ban da shi kansa, ba su kai shi ba. Murakkabi ne, ba awwal ba, awwal kuwa shi ne wanda babu mai raba shi sai ɗaya da kansa. An gina shi da bugun adadi shida: 3, 5, 17, 257, 65,537, da 4,294,967,297. Duba, kowanne ƙwayoyin wani gida ne aka ƙara musu ɗaya.

A nan ne Ferma, mutumin Faransa, ya zame. Ya ga biyar na fari duk awwal ne, sai a shekara ta 1640 ya rinjayar da cewa na shida da dukkan masu bin su haka suke. Ƙiyasi ne a kan shaidu biyar, ba hujja ba, ko da yake ba na zarginsa ƙwarai, don shi ma ya faɗa bai sami dalili yankakke ba. Zancen ya zauna shekara 92, har Oila, mutumin Suwizalan, ya nuna a 1732 cewa 641 yana raba na shidan, rabon ya fito 6,700,417 babu saura. Saboda haka asalan adadin shaɗaranji bakwai ne, ba shida ba. Kada ka karɓa daga bakina. Ɗauki allonka ka buga 641 cikin 6,700,417 ka gani.

Tamat.