Ƙofar Makarantar Kwana: Tarihin Neman Gurbi a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo



Kowace shekara idan lokacin jarrabawar shiga sakandare ya ƙarato, tambaya ɗaya ce take yawo a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa: shin yaron nan zai sami shiga makarantar kwana ta ƙwarai kuwa? Akan je a tambayi malaminsa, a duba sakamakon bara, a lissafa abin da ke aljihu. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, tambayar nan ta girmi dukkanmu, kuma a cikin shekaru ɗari da suka wuce an sauya ma'aunin amsa ta har sau uku. Amma a kowane zamani, tun kafin yaro ya zauna a ɗakin jarrabawa an riga an yanke mafi yawan hukuncinsa. Zan kafa hujja da garuruwa uku na gabashin Sakkwato, watau Wurno da Rabah da Goronyo.

Mu soma da abin da Turawa suka tarar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno ta zama ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Waɗansu daga cikin magadansa ma a can suka yi zamansu, har zuwa Sarkin Musulmi Abdurrahman wanda ya rasu a 1902. Inda Sarkin Musulmi yake kuwa, nan malamai suke taruwa. Ɗalibin wancan zamani ba ya cika takarda, ba ya biyan kuɗin zango. Idan ya sauke Alƙur'ani sai ya nemi zauren malamin fiƙihu ko na nahawu, ya durƙusa ya gaida shi, ya buɗe littafinsa. Ba na cewa babu fifiko a wancan tsari, domin ɗan gidan malamai ya fi ɗan manomi samun sarari da littattafai. Sai dai ƙofar zaure ba ta da adadin waɗanda za ta ɗauka. Mata ma Nana Asma'u ta buɗe musu hanya ta 'yan taru, inda jajis suke ɗaukar karatu su kai ƙauyuka.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, wannan ne ya sa aka taƙaita shigar makarantun mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. A Ikko kuwa tun 1859 aka buɗe sakandaren mishan ta farko. Saboda haka ilmin boko ya shigo mana ta hannun gwamnati da En'e kaɗai, ya shigo kuma da ƙididdiga. Razdan Burdon ya gwada wata 'yar makaranta ta 'ya'yan sarakuna a Sakkwato, sa'an nan a 1909 Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe tasa a Nassarawa ta Kano. A 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Manufarta horar da malamai, tsarinta kuwa irin na makarantun kwana na Ingila ne, da shugabannin ɗalibai da wasanni da horo mai tsanani.

To, a wannan zamani yaya ake auna rabon yaro? Ma'auni na farko shi ne idon hakimi. Takarda takan zo daga birni cewa ana son yara kaza daga gunduma kaza, hakimi ya aika wa dagatai. Talakawa na gudun abin, suna ganin hanyar fita daga addini ce, har akan ɓoye yara a rumbu ko a tura su gabas karatun allo. Waɗansu masu sarauta ma sukan ba da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Ashe ke nan gurbin da yau ake sayar da gona domin a samu, a jiya kuka ake yi idan ya faɗo a gidan mutum.

Rabah ta ba mu misali mafi shahara. A can aka haifi Ahmadu, ɗan Ibrahim Sarkin Rabah, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah wanda ya yi mulki daga 1873 zuwa 1877. Bayan karatun allo aka kai shi makarantar lardi a Sakkwato, daga nan ya wuce Katsina a 1926, ya gama a 1931. A littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962 ya ba da labarin yadda suke zuwa Katsina a ƙasa, tafiyar kusan mako guda. Ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 ya zama Sardauna, a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Ba wanda zai musa hazaƙarsa. Amma ku lura, hazaƙar ba ta sami filin nuna kanta ba sai da aka ɗora ƙafarsa a kan matakalar farko, kuma gidan da ya fito yana cikin gidajen da takardar birni take fara isa. Yara nawa ne masu kaifin ƙwaƙwalwa irin tasa suka tsufa a fadamun Goronyo ba tare da kowa ya tambayi sunansu ba?

Kada kuma a ɗauka 'ya'yan sarakuna kaɗai suka haye. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga Katsina a 1928, ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa yaron hakimi ne a ƙasar Bauci. Abin da ya haɗa shi da Ahmadu shi ne kusanci da ƙofar da ake zaɓe.

Daga wajejen 1930 aka daidaita matakalar ta zama hawa uku: elementare, midil, kwaleji. A nan ma'auni na biyu ya fara shigowa, watau jarrabawa. Shehu Shagari ya bi wannan hanya daki-daki: elementare a Yabo, midil a Sakkwato, sa'an nan kwaleji a 1941, lokacin ta riga ta tashi daga Katsina ta koma Kaduna tun 1938. A 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, inda a 1971 ta karɓi sunan Barewa. Kwaleji ɗaya ce ta fitar da Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wannan abin alfahari ne, amma kuma shaida ce ta ƙuncin ƙofar, domin da ƙofofin suna da yawa da shugabannin ba su fito ta guda ɗaya ba.

Bayan samun mulkin kai sai gwamnatin tarayya ta kafa nata kwalejojin domin haɗa kan ƙasa. Ɗaya daga cikin ukun farko a Sakkwato aka buɗe ta a 1966. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka tanadi malamai. Tsarin mulki na 1979 kuma ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi. Daga nan shiga kwalejin tarayya ya zama haɗin abu biyu, maki da kason jiha. A rabon da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sha bayyanawa, kashi 60 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne, 30 na daidaiton jihohi, 10 na larura.

Alƙaluman 2013 sun tayar da ƙura a jaridu. A jarrabawar da ke da maki 200, an nemi ɗan jihar Anambara ya ci 139, ɗan Sakkwato kuwa 9 idan namiji ne, 13 idan mace ce. Mutanen kudu suka ce an zalunci 'ya'yansu, waɗansu daga cikinmu suka ɗauka gata aka yi mana. Ni a ganina wannan lamba ba gata ba ce, takardar shaida ce a kan firamarenmu. An sauke ƙofa har ƙasa saboda masu isowa bakinta kaɗan ne, kuma ba su zo da guzuri ba. Sa'an nan kason na jiha ne baki ɗaya, ba na ƙaramar hukuma ba. Ɗan ma'aikaci da ya yi firamare mai kuɗi a birnin Sakkwato da ɗan manomin albasa na Wurno kaso ɗaya suke nema, kun kuwa san wanda zai riga isa.

Ma'auni na uku shi ne aljihu. Bayan faɗuwar kuɗin man fetur da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, makarantun gwamnati suka fara lalacewa, masu hali suka juya ga makarantu masu zaman kansu. A 1996 aka buɗe Loyola Jesuit a Abuja, a 1998 makarantun Turkawa suka fara aiki a Nijeriya, waɗansu da yawa suka biyo baya a Kaduna da Kano da sauran birane. Irin waɗannan makarantu babu ruwansu da kason jiha. Sukan yi tasu jarrabawar ta Turanci da lissafi, galibi a manyan birane, waɗansu su ƙara da ganawa da yaro, manyan cikinsu kuma da miliyoyin naira ake lissafa kuɗinsu na shekara. Manomin rani da ke gindin madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, yana iya samun shekarar da albasa da shinkafa za su yi kuɗi har ya iya biya. Abin da kuɗin kaka ɗaya ba zai saya masa ba shi ne shekaru shida na firamare mai malamai. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wani abu da ya shigo lissafin wanda magabatanmu ba su san shi ba. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 a yankunan da ake fargaba, cikinsu har da sakandaren Goronyo da ta Gandi da kwalejin 'yan mata ta Gamji da ke Rabah. Ku dubi wannan al'amari: makarantar da ke ɗauke da kirarin Sardauna, a garin da aka haife shi, ita ce aka kulle saboda tsoro. Shi ya yi tafiyar mako guda a daji yana yaro ya isa Katsina lafiya.

Saboda haka uban da yake son auna rabon ɗansa, kada ya fara da tambayar makin da makaranta take nema. Ya fara da tambayar ko yaron yana iya karanta shafi guda ya faɗi abin da ya fahimta, ko malamin ajinsa yana zuwa aiki, ko an yi masa rajistar jarrabawar ma tukuna. Ku kuma ma'aikata, musamman na ilmi da na ƙananan hukumomi, ku sani kujerar da hakimi ya zauna a kai a 1920 ku ne a kanta yau. Wanda ya sa hannu a takardar tura malami ƙauye, ko ya bar ta a aljihun tebur, shi ne yake zaɓen yaran da za su isa bakin ƙofa bayan shekara shida. Ku ɗalibai kuwa, kowannenku ya tuna da abokan ajinsa na firamare, ya ƙirga nawa ne suka iso nan tare da shi.

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.